Martani ga Malamin da Ya Ce Ba a Koyon Tarihi a Fim

Kwanakin baya na karanta makalar wani marubuci da nake ganin girmansa, inda ya yi kaca-kaca da malaman da ke zaunar da ɗalibai su kalli finafinan Sin da Japan da Koriya da sunan koyar da tarihi da al'adun waɗannan ƙasashe. Sau biyu na karanta ta, gudun kada in yi masa ƙage. Abin da Malam ya ce shi ne, fim sana'ar neman kuɗi ce, mai shirya shi yana ƙara gishiri gwargwadon abin da zai cika masa aljihu. Ya ce gwamnatocin can, musamman ta Sin, sun mayar da fim kakakinsu. Ya ce abin da matasanmu ke kwana a kai dambe ne da takubba da dodanni da makircin matan fada, kuma al'adar da ake gani a ciki ta kwalliya ce kawai. Ya rufe da cewa wanda ke son sanin tarihi ya kashe talabijin ya ɗauki littafi.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, kuma ni zan ƙara masa hujjar da bai kawo ba. Duk wanda ya kalli The Last Samurai na 2003 zai tashi da tunanin cewa samurawan ƙarshe sun ƙyamaci bindiga, sun fuskanci igwa da takobi tsirara, da wani Ba'amurke a tsakiyarsu. An ɗauko labarin ne daga tawayen Satsuma na 1877 ƙarƙashin Saigo Takamori, kuma mayaƙan Saigo sun yi yaƙi da bindigogi da igwa, sai da harsashi ya yi musu ƙaranci suka dogara da takobi. Baturen da aka san ya yi yaƙi tare da samurawa kuwa Bafaranshe ne, Jules Brunet, kuma a wani yaƙin daban na 1868 zuwa 1869. Ɗalibin da ya kwashi wannan fim ya zuba a takardar jarrabawa ya cancanci faɗuwa. Sai dai fim ɗin na Amurkawa ne, kuma ko da na Japanawa ne, ɓatan akuya ɗaya ba ya sa a ce garke ya watse. Kuskuren Malam shi ne ya yi wa finafinai kuɗin goro.

Mu fara da zancen ƙarya da ƙarin gishiri, tunda a kansa ya kafa komai. Mutane da yawa a nan sun san Jumong, shirin nan mai kashi 81 da tashar MBC ta Koriya ta Kudu ta nuna daga 2006 zuwa 2007, a kan mutumin da ya kafa daular Goguryeo. Malam zai ce a ajiye shirin a koma ga littafi. To, bismillah. Littafin tarihin Koriya mafi daɗewa da ya wanzu shi ne Samguk Sagi, wanda Kim Bu-sik ya jagoranci haɗawa aka kammala a 1145. Shi ya ba da shekarar kafa daular, 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ne kuma ya ce mahaifiyar Jumong ƙwai ta haifa, daga cikin ƙwan yaron ya fito. Masu shirin talabijin ne suka cire ƙwan, suka ba shi uwa da uba kamar kowane ɗan Adam. Yanzu wa ya ƙara gishiri, littafin ko fim ɗin? Ko kuwa ƙwai yana zama gaskiya ne idan aka rubuta shi da tawada?

Ba sai mun je Koriya ba. Tarihin Kano da aka rubuta ya ce Barbushe yana kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Labarin Daura ya ce Bayajidda ya sare kan macijiya a rijiyar Kusugu. Ban taɓa jin masanin tarihi ya ce a ƙona waɗannan ba saboda akwai abin da hankali ba ya ɗauka a cikinsu. Abin da masani ke yi shi ne ya tambaya: wa ya ba da labarin, yaushe, ga wa, kuma me yake nema da shi? Tambayoyin nan huɗu su ne aikin tarihi, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ba za a iya yi wa fim ba.

Akwai ma fim ɗin da darasinsa ke nan kacokan. Harakiri, wanda Kobayashi Masaki ya fitar a 1962, labari ne ƙirƙirarre da aka sa a shekarar 1630, zamanin da gwamnatin Tokugawa ke rushe gidajen sarauta, dubban samurawa suka rasa iyayen gida suka shiga talauci. Wani matashi cikinsu ya sayar da ƙarfen takubbansa don jinyar matarsa da ɗansa, ya cusa gora a cikin kube don rufin asiri. Ya je wani babban gida yana roƙon a ba shi fili ya farke cikinsa bisa al'adarsu, alhali abin da yake fata shi ne a ji tausayinsa a ba shi ɗan abin sawa a baka. Sai suka ce ai magana ta fita, suka tilasta masa ya yi da takobin gorar. Surukinsa ya zo daga baya ya tona asirin gidan, ya kashe wasu daga cikin mayaƙansu kafin shi ma ya mutu. Abin da ya sa na kawo fim ɗin shi ne ƙarshensa: wakilin gidan ya ba da umarni a share jini, a rubuta a kundin gidan cewa mayaƙan nan rashin lafiya ce ta kashe su. Kundin ya fito tas, gidan ya sha yabo. Mai kallo ya ga abin da ya faru da idonsa, sannan ya ga yadda alƙalami ya shafe shi. Ɗalibin da ya kalli wannan sau ɗaya ba zai ƙara karanta kundin fada da ido rufe ba, ko na Japan ne ko na wata masarauta da ke kusa da gida.

Sai batun farfaganda, inda Malam ya fi ɗaga murya. E, akwai ta, kuma ba a ɓoye take ba. A 2021, shekarar da jam'iyyar kwaminis ta Sin ta cika shekara 100, aka fitar da The Battle at Lake Changjin, a kan gumurzun sojojin Sin da na Amurka a arewacin Koriya cikin matsanancin sanyin ƙarshen 1950. Fim ne na tayar da tsimin kishin ƙasa daga farko har ƙarshe. Amma me ya hana malami ya ajiye wani fim a gefensa? Sojojin da aka fatattako daga bakin tafkin Changjin tashar jiragen ruwa ta Hungnam suka nufa, kuma a nan ne fim ɗin Koriya ta Kudu mai suna Ode to My Father, na 2014, ya buɗe: dubban fararen hula suna turereniya su hau jirgi a watan Disamba na 1950, ƙanwar wani yaro ta kuɓuce masa, uba ya koma nemanta, jirgi ya tashi. Ba ƙirƙira ba ce cewa jirgin kaya guda, Meredith Victory, ya kwashi kusan mutum 14,000 a tafiya ɗaya. Fim ɗin ya bi yaron har zuwa ramukan haƙar kwal na Jamus ta Yamma, inda Koriyawa suka je ci-rani a shekarun 1960, har zuwa shirin da tashar KBS ta yi a 1983 na haɗa dangin da yaƙi ya raba. Yaƙi ɗaya, wata ɗaya, a fim ɗin farko nasara ce, a na biyu rabuwar uba da ɗa ce har abada. Wane babi ne a littafin makaranta zai cusa wa yaro ɗan shekara goma sha takwas wannan bambanci cikin awa biyar?

Sannan idan duk fim ɗin Sin kakakin gwamnati ne, ina roƙon Malam ya bayyana mini dalilin da ya sa gwamnati ke toshe bakin kakakinta. Zhang Yimou ya fitar da To Live a 1994, daga littafin Yu Hua, ya ci babbar kyauta a bikin Cannes, aka hana nuna shi a gida. Me ke ciki? Iyali guda ne, da ake bi da su daga shekarun 1940. An nuna lokacin da aka fara shirin shugaba Mao na 1958 na ɗaga ƙasa dare ɗaya, ana bi gida gida ana karɓe tukwane da ludayin ƙarfe a narka a murhun unguwa. An nuna juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, lokacin da aka kori ƙwararrun likitoci a matsayin maƙiyan juyi, aka bar asibiti a hannun ɗalibai. 'Yar gidan ta zo haihuwa, surukin ya yi dabara ya fito da wani tsohon likita daga inda ake tsare da shi, uban ya ga yunwa ta galabaitar da shi ya sayo masa burodin gargajiya, ya ci ya wuce ƙima ya sheme, yarinya ta zubar da jini har ta cika a gaban ɗaliban da ba su san abin yi ba. Littafi zai gaya maka an ci zarafin masana a wancan zamani. Fim ɗin ya nuna maka ɗakin haihuwar.

Wannan Zhang Yimou ɗin dai shi ne a 2002 ya yi Hero, inda maharin da ya zo kashe sarkin Qin ya fasa, don ya gamsu cewa haɗe ƙasa ƙarƙashin sarki ɗaya ya fi ransa da fansarsa muhimmanci. Sarkin nan shi ne ya haɗe Sin a shekara ta 221 kafin Annabi Isa (AS). A 2008 kuma shi aka damƙa wa bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing. Daga wanda aka hana fim ɗinsa zuwa wanda ƙasa ke tutiya da shi cikin shekara goma sha huɗu. Wannan tafiya kaɗai tarihin Sin ce ta zamani, ga mai ido. Haka Jumong: an shirya shi ne daidai lokacin da wata cibiyar nazari ta gwamnatin Sin ke gudanar da bincike, daga 2002 zuwa 2007, da ya nemi sa Goguryeo cikin tarihin Sin, abin da ya harzuƙa Koriyawa. Ruwa ba ya tsami banza. Shirin ba zai gaya maka gaskiyar abin da ya faru shekaru dubu biyu da suka wuce ba, amma zai gaya maka abin da ke cin ran Koriyawa a 2006. Mu ma nan, finafinan da motar majigi ta Turawan mulki ke nunawa a ƙofar fada, na noman auduga da tsabta, farfaganda ce zalla, kuma yau masu bincike suna neman su ruwa a jallo don su san yadda Bature ke kallon talakan Arewa. Da Malam ne mai ajiyar kayan tarihi, ashe da tuni an zubar da su a bola.

Maganar dodanni da dambe ce ta fi ba ni dariya, domin misalan da Malam ya ɗauka na raini su ne mafi ƙarfi a hannuna. Godzilla na farko ya fito a watan Nuwamba na 1954. Ranar 1 ga Maris na wannan shekara Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibirin Bikini, tokarsa mai guba ta zubo a kan wani jirgin masunta na Japan da ke ɗauke da mutum 23. Duk suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya rasu a watan Satumba, mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwanni. Ƙasa da wata biyu bayan rasuwarsa sai ga fim da ya buɗe da jirgin ruwa yana ƙonewa cikin wani irin haske, sannan dodon da gwajin bam ya tasa daga ƙarƙashin teku ya mayar da Tokyo toka, ana auna yara da na'urar gano guba a asibiti. Shekara tara kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Shekara biyu bayan ƙarshen mamayar Amurka ta 1945 zuwa 1952, wadda a cikinta ake tace finafinai, ana taka wa masu son yin magana a kan bam ɗin birki. Da Amurkawa suka sayi fim ɗin suka fitar da nasu a 1956, sai suka yanke da yawa daga cikin wannan magana suka cusa ɗan wasansu. Idan dodon roba ne kawai, me ya sa aka ga buƙatar yi masa aski?

Su kuwa dattawan da suka yi zamanin silima a Kano da Kaduna da Jos sun san Bruce Lee fiye da yadda suka san wasu ministocinsu. A Fist of Fury na 1972 akwai inda ya yi tsalle ya farfasa allon da ke ƙofar wani lambu a Shanghai, wanda ya hana karnuka da Sinawa shiga. Masu bincike sun nuna ba a taɓa kafa allo da wannan lafazi daidai ba. Ga ƙarya, Malam ya samu abin da yake nema. Amma dokar lambun ta gaske ta keɓe shi ga baƙi, a wani layin kuma ta hana karnuka, kuma sai a 1928 aka buɗe shi ga Sinawa, a cikin garinsu. Jarumin fim ɗin, Chen Zhen, ƙirƙirarre ne, amma malaminsa Huo Yuanjia mutum ne na gaske da ya rasu a Shanghai a 1910. Fushin da ke fim ɗin a kan Japanawa kuwa yana da saiwa tun daga yaƙin 1894 zuwa 1895, wanda Japan ta ci Sin ta karɓe Taiwan. Malamin kirki zai tsayar da fim a kan allon nan ya tambayi ɗalibai: me ya sa wannan ƙarya ta zauna daram a zukatan miliyoyin mutane? Amsar za ta kai su ga yarjejeniyoyin da aka tilasta wa Sin tun bayan yaƙin ofiyom, da unguwannin baƙi da dokar Sin ba ta aiki a cikinsu. Tsallen Bruce Lee ɗaya ya buɗe shekara ɗari.

Game da al'ada ta kwalliya, na yarda rabin yarda. Da wani Bakoriye zai kalli finafinan Kannywood na shekarun baya, zai ɗauka saurayi da budurwa a Kano ba sa iya magana sai sun sauya kaya sau uku suna rawa a gindin bishiya. Amma in mai nazari ne, rawar nan za ta kai shi ga gaskiya guda: Hausawa sun shafe shekaru masu yawa suna shan finafinan Indiya. Sannan ba duk fim ne kwalliya ba. Tokyo Story na Ozu Yasujiro, 1953, babu takobi, babu fada, babu dodo. Tsoho da tsohuwa ne suka taso daga garin Onomichi su ziyarci 'ya'yansu a Tokyo. Ɗan likita ne, 'yar tana da shagon gyaran gashi, kowa na fama da kansa, har suka haɗa kuɗi suka tura iyayen wani wurin shaƙatawa don su samu sarari. Wadda ta ajiye aikinta ta zagaya da su gari ita ce matar ɗansu da yaƙi ya ci, wadda ba jininsu ba. A nan za ka ga yadda ake zama a tabarma, yadda ake rusunawa, yadda tsofaffi ke haɗiye ɓacin rai suna godiya, da yadda birni da sabon tattalin arziki suka fara sassauta igiyar zumunci. Duk Bahaushen da ya taɓa karɓar baƙuncin iyayensa daga ƙauye a ɗaki biyu na haya a Abuja ba ya buƙatar tafinta.

Kada kuma Malam ya ɗauka masu abin suna haɗiye duk abin da aka ba su. A 2021 tashar SBS ta Koriya ta Kudu ta soke shirin Joseon Exorcist bayan kashi biyu kacal, saboda ƙorafin jama'a cewa an murɗe tarihin sarakunansu an kuma cusa kayan Sinawa a inda ba su dace ba. Gardamar kanta darasi ce.

Saura shawararsa ta a koma ga littafi. Ni ma ɗan littafi ne, kuma matsayina a fili yake: fim ba ya maye gurbin littafi, amma shaida ne kamar sauran shaidu, a saurare shi, a yi masa tambayoyi, a gwada maganarsa da ta wasu. Wanda ya kore shi daga aji bai kare ɗalibai daga ƙarya ba, domin da daddare za su kalla a wayarsu ba tare da mai yi musu bayani ba. Kuma wane littafi Malam ke nufi? Ya shiga kasuwar littattafai mafi kusa da shi ya nemo mini tarihin Koriya da Hausa, ni zan biya kuɗin mota. Ko a can ƙasar masu tarihin, akwai lokacin da littafin da ke hannun ɗalibai shi ne maƙaryacin. A watan Mayu na 1980 sojojin Koriya ta Kudu ƙarƙashin Chun Doo-hwan suka buɗe wa mutanen birnin Gwangju wuta, suka toshe hanyoyi, suka yanke wayoyi, jaridu suka ce 'yan tarzoma ne da kwaminisanci ya zuga. Wani Bajamushe mai ɗaukar hoton talabijin, Jürgen Hinzpeter, ya kutsa birnin a motar haya, ya ɗauki abin da ya gani, ya ɓoye faifan a gwangwanin biskit ya fitar da shi zuwa Japan. Shekaru bayan nan hotunan nasa ne ake kallo a ɓoye a cikin Koriya, mutane na ganin abin da hukuma ta ce bai faru ba.

A 2017 aka yi fim a kan tafiyar, A Taxi Driver, sama da mutum miliyan 12 suka kalla a silima. Yana da nasa gishirin: akwai tseren motocin haya da na soja da aka ƙara don armashi, kuma an nuna direban a matsayin wanda ba ruwansa da siyasa, kuɗin haya kawai ya kai shi, har ya ba Baturen sunan ƙarya. Hinzpeter ya yi shekaru yana cigiyar direban nan mai suna Kim Sa-bok, ya rasu a 2016 bai gan shi ba. Bayan fitowar fim ɗin sai wani mutum ya fito da tsofaffin hotuna ya ce wannan mahaifinsa ne. Aka bincika aka tabbatar. Kim Sa-bok sunansa ne na gaskiya, direba ne da ke aiki da wani otal a Seoul, ya saba ɗaukar 'yan jaridar ƙasashen waje, kuma ya rasu tun 1984. Shekara 37 sunan nan yana yawo ba a san mai shi ba, sai da aka haska shi a bangon silima.